Wai da gaske waya tana canja sautin kibod, ko dai kunnen abokina ne ke son tsada?

Mai_Kibod:

Salamu alaikum jama'a, don Allah masana ku raba mana gardama ni da abokina kafin zumunci ya lalace a kan waya. Tare muke kiɗa, ni ina kan kibod shi yana da wata sintesaiza, irin kibod ɗin nan mai ƙirƙirar sauti da lantarki, da yake ji da ita kamar ɗiyar fari. Satin da ya wuce ya zo riyasal yana wani ɗaga kafaɗa wai ya sayi sabuwar waya, wato kebul ɗin da ke ɗaukar sauti daga sintesaizar, mai kai na zinare, jikinta an saƙa mata zare sai ka ce igiyar takalmi, har da ƴar jakarta ta musamman, ga kibiya an zana a jiki wai ta nan sauti ke bi. Ya ce tun da ya jona ta sautin ya "buɗe", bes ya yi kauri, na sama ya yi garau, wai da can ashe bargo aka lulluɓa wa sifikar bai sani ba. Ni dai na yi dariya na ce masa kuɗinka ne ke maka kiɗa a kunne, to amma abin da ya ɗaure min kai shi ne da ya cire tsohuwar ya sa sabuwar a gabana wallahi ni ma sai na ji kamar akwai bambanci, ban dai nuna masa ba don kar ya samu bakin magana. Shin waya tana canja sauti da gaske a kayan kiɗa na lantarki ko dukkanmu biyu ne muka zautu?

Ɗan_Ganga:

Wa alaikumus salam. Haba malam ai wannan sanannen ilimi ne, mamaki nake ba ka sani ba. Jar waya sautinta zafi ne da shi, shuɗiya sanyi, rawaya ta fi dacewa da waƙar murna, baƙa kuma ta masu baƙin ciki ce. Koriya ban ba ka shawara ba sai ta nuna tukuna. Sannan kar ka bari wayar ta ƙulle, in ta yi ƙulli manyan notoci ba sa iya wucewa sai ƙananan, shi ya sa wani lokaci za ka ji bes ya ɓace, yana nan maƙale a ƙullin. Ni nan da ka ganni sandunan gangata ma sai na juya su gabas kafin na fara bugu hhhh

Hajiyar_Miksa:

Ɗan_Ganga ka manta ba ka gaya masa ya riƙa ɗaga kibod ɗin sama da miksa, na'urar haɗa sautuka, ba, don sautin ya riƙa gangarowa da kansa, in miksa ce a sama sai ya yi hawan tudu ya iso a gajiye, daga nan ne ake samun jinkiri. Kuma duk daren Allah a rataye wayar kai ƙasa ragowar waƙar jiya ta tsiyaye, in ba haka ba gobe ka ji ta cakuɗe da sabuwa.

To wasa a gefe, ɗan'uwa ka ce kai ma ka ji bambanci, wannan ne ya sa ban gama yi maka dariya ba. Zan dawo da tambaya in na gama aikin da ke gabana.

Injiniya_Solda:

Ku dai ba ku da dama. Bari in ba shi amsar da zai iya kai wa abokin nasa.

Amsar a gajarce: waya tana iya canja sauti, amma ba a ko'ina ba, kuma ba ta hanyar da masu talla ke faɗa ba. Kowace wayar kiɗa wayoyi biyu ne a haɗe, siririya a tsakiya, sai roba, sai wata saƙa ta tagulla da ta zagaye ta tana kare ta daga hayaniyar waje. To duk inda ƙarfe biyu suka yi kusa da juna da roba a tsakaninsu sun zama ƙaramin kafasita ke nan, wato ɗan ma'ajin wuta, ko ka so ko ka ƙi. Wayar kiɗa ta yau da kullum tana da wajen fikofarad 100, ma'aunin kafasita ke nan, a kowace mita, wasu ƙasa da haka wasu sama. Aikin wannan kafasitan shi ne satar siririn sautin sama ya zubar da shi. Har nan abokinka yana da gaskiya. Inda ya kauce shi ne yawan abin da ake sacewa ya dogara ne da ƙarfin abin da ke turo sautin, wato imfidans ɗin mafitarsa, turjiyar da ake aunawa da om, in ta yi ƙasa turin ya fi ƙarfi. Kibod da sintesaiza suna da ƙaramar amfilifaya a bakin mafita, imfidans ɗinsu ƙasa ne, daga om ɗari da wani abu zuwa wajen 1,000. Mu ɗauki mafi muni, om 1,000, da waya mai mita 6, fikofarad 600 ke nan. In ka buga lissafin sai a wajen Hz 265,000, wato kaɗawa 265,000 a daƙiƙa, ne sautin zai fara raguwa yadda za a lissafa shi. Kunnen ɗan Adam kuwa 20,000 ne iyakarsa, shi ma na yaro ne, mu da muka shekara muna tsayawa gaban sifika Allah kaɗai ya san inda namu ya tsaya. Don haka sai dai in abokin naka jemage ne, kuma ko jemagen ma da ƙyar.

Maganar zinare kuma, mutane na ɗauka ya fi komai wuce da wuta, alhali tagulla ta fi shi, azurfa ta fi tagulla. Amfanin zinare ɗaya ne, ba ya tsatsa ba ya dafewa. Kuma shafe ne kawai aka yi wa kan, ramin da za ka cusa shi a jikin kibod ɗin galibi ba zinare ba ne, wayoyin da ke cikin na'urar kuma sirara ne kamar gashi an manna su da dalma. Sautin ya ratso duk wannan lafiya lau sai a mita uku na ƙarshe ne zai ce shi ba ya tafiya sai a kan zinare?

Kibiyar nan ita ce ta fi ba ni dariya. Sauti a cikin waya wuta ce mai kai da komo, gaba da baya sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa ɗaya, to in kibiya gaba take nunawa rabin lokaci ke nan sautin yana saɓa doka. Iyakar inda kibiya ke da ma'ana shi ne wasu wayoyin da ake haɗa saƙar kariyar a kai ɗaya kawai a bar ɗayan, to nan ana nuna maka wane kai ne zai je ina saboda maganin gurnani, ba don sauti ya san hanya ba.

Abin da nake biya wa kuɗi a waya shi ne kai mai ƙwari, solda mai kyau, saƙa mai kauri, da roba da ba ta ƙagewa. Waya mai arha matsalarta ba wai sautinta ba daɗi ba ne, matsalarta ranar da kake tsakiyar wasa mutum ya taka ta sai ka ji ƙarrr ɗif.

Ɗan_Jita:

Injiniya na yarda da lissafinka amma kar a yi mana kuɗin goro, mu masu jita in mun ce muna jin bambancin waya ba tatsuniya muke ba, kuma kullum mu ake mayarwa abin dariya. Jita ta lantarki wadda ba ta da batir ba ta da wata amfilifaya a ciki, fikof ne kawai, maganaɗisu da siririyar waya da aka naɗe sau dubbai, ƙarfinsa kaɗan imfidans ɗinsa sama. Shi wannan naɗin da kafasitan wayar sai su haɗu su yi wani tudu a sautin, wurin da jitar ke yin wannan kaifin, kuma tsawon waya shi ke matsar da tudun. In ka ɗauki fikof mai henri 3, ma'aunin naɗin ke nan, da waya mita 3 tudun yana wajen Hz 4,600, ka mayar da ita mita 6 sai ya sauko wajen 3,500, wannan kuwa tsakiyar inda kunne ya fi ji ne, ko wanda bai san kiɗa ba zai gane. Ni da kaina ina da wata murɗaɗɗiyar waya irin ta tsohon tarho, in ka ja ta ta miƙe ka saki ta koma, a ido gajeriya ce amma wayar da ke cikin murɗin tana da tsawon gaske, duk lokacin da na ga amfilifaya tana min tsiwa da yawa ita nake ɗaukowa sai sautin ya yi laushi. Ku duba hotunan Jimi Hendrix a kan dandamali za ku ga irinta a jikin jitarsa. To ka ga a nan waya "mara kyau" ita ce mai daɗin. Amma da zarar ka sa feda mai bafa a tsakani, wato akwatin takawa mai ƴar amfilifaya a ciki, ko jitar mai batir ce shi ke nan zance ya ƙare, ta koma kamar kibod, sa duk wayar da ka ga dama.

Sannan wayar banza a jita in ka taka ta ko ka ja ta a ƙasa za ka ji ƙwaras-ƙwaras a sifika, gogayyar roba da saƙar ce ke haifar da ƴar wuta. Wannan ma ba a mafarki na ji ba.

Mai_Kibod:

Kai na gode ƙwarai, na ƙaru wallahi. Na karanta masa duka a waya ya ce Injiniya lissafi ya sani ba kiɗa ba, wai kunne ba ya ƙarya. Yanzu ma cewa yake zai sayi wayar MIDI, wadda ke jona kibod da kwamfuta, irin ta kamfanin don wai piyanon da ke cikin kwamfuta shi ma ya samu wannan ɗumin

Baba_Tsohon_Situdiyo:

Yaro gaya wa abokinka ya riƙe kuɗinsa, wannan ta biyun ko kare ba zai ci ba. Wayar MIDI ba sauti ke bi ta cikinta ba ko kaɗan, saƙo ne. In ka danna C na tsakiya abin da ke tafiya shi ne: an danna, lamba 60, da ƙarfi kaza, ƙarfin ma lamba ce da ba ta wuce 127. Bayit uku ke nan, a gudun bit 31,250 a daƙiƙa, kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya isa. Tun 1983 haka abin yake, lokacin da Dave Smith na Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland suka tsaya a kan a samu yare ɗaya, aka jona sintesaizoji biyu, Prophet-600 da Jupiter-6, a bajekolin kayan kiɗa na NAMM suka yi magana da juna. To ta yaya 60 za ta fi wata 60 ɗumi? Kamar ka aika wa mutum saƙon tes ne ka ce in wayarka mai tsada ce kalmomin za su fi taushi. In wayar MIDI ta lalace ba sanyi sautin zai yi ba, noti ne zai maƙale yana ta kuka ka saki maɓalli ya ƙi yin shiru, ko wani ya ɓace gaba ɗaya. Ƙa'idarta dai kar ta wuce mita 15. USB 2.0 kuma mita 5. Ita USB tana iya shigo maka da wani siririn tsiii daga kwamfuta, musamman in kana motsa maus ka ji shi yana canjawa, amma wannan rikicin at ne, wato layin wuta na kariya da ke zuwa ƙasa, tsakanin na'urori biyu, zinare ba ya maganinsa.

Maganar kunne ba ya ƙarya kuwa, ni da na tsufa a gaban miksa ina gaya maka ba maƙaryaci irinsa. Na taɓa ɓata kusan minti goma ina murɗa ikwalaiza, maɓallin ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, a kan muryar wata mawaƙiya, ina ƙara kaɗan ina rage kaɗan, ina gyaɗa kai, wanda ke zaune kusa da ni shi ma yana cewa yauwa Baba nan ne daidai, can na duba ashe layin da nake murɗawa ba komai a jone, muryar tana layin da ke gefensa. Mu biyu duk mun "ji" gyaran. Na yi shiru na gyara zama kamar ba abin da ya faru, shi ma bai ce uffan ba har yau. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a harkar waya haka yake a zahiri, da ido ya ga zinare kunne ya tafi hutu.

Gwajin mai sauƙi ne. Ya juya baya, wani ya riƙa canja wayar yana jefa kwabo don zaɓe, shi ma mai canjawar ya yi shiru kar ya yi tari ko dariya, a yi sau goma ko fiye a rubuta. Mai canki kawai zai ci wajen biyar, don haka in ya ci shida kar ya fara rawa. A 2007 James Randi, wannan mai tona asirin ƴan damfara a Amurka, ya sa dala miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance wata wayar sifika mai shegen tsada da ta yau da kullum ido a rufe, aka yi ta cacar baki a kan sharuɗɗa, gwajin bai yiwu ba, kuɗin ba wanda ya ɗauka.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki tunda na ambaci at: in gurnani ya dame ku kar wanda ya kuskura ya karya ƙafar at ta fulogin wuta, na san ana yi kuma gurnanin yana tafiya, amma wannan ƙafar ita ce tsakaninka da lahira ranar da wuta ta zubo a jikin na'ura. Les Harvey mai jitar Stone the Crows haka ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972, makirfo ya taɓa wuta ta ja shi. A nemi akwatin DI, ɗan akwatin da ake sawa tsakanin kayan kiɗa da miksa, a danna maɓallin ɗage at na jikinsa, wannan layin sauti kawai yake rabawa.

Hajiyar_Miksa:

Baba Allah ya ƙara girma, wannan labarin na ikwalaiza duk wanda ya ce bai taɓa yi ba bai daɗe a aikin ba ne.

Na dawo da tambayata. Mai_Kibod ɗauko wayoyin biyu ka dubi kan kowacce, wannan dogon ƙarfen da ake cusawa, ka ƙirga min baƙaƙen zobba nawa ne a jiki. Dalilina shi ne sau da yawa in mutum ya rantse waya ta canja masa sauti ba ingancinta ne ya canja ba, irinta ce daban bai lura ba. Mai zobe ɗaya TS ce, layi ɗaya da kariya. Mai zobe biyu TRS ce, layi biyu da kariya, irin aikin XLR ta makirfo, ana tura sautin sau biyu ɗaya a miƙe ɗaya a kife, in sun isa miksa ta debe ɗaya daga ɗaya sai hayaniyar da suka kwaso a hanya ta kashe kanta sautin kaɗai ya saura. Daga nesa kuwa kamarsu ɗaya sak.

Na taɓa shan wahalar wannan a wani wasa, wani yaro mai kibod ya zo ya jona kansa kafin na iso, muka fara gwaji sai na ji piyanonsa kamar daga cikin rijiya, bes babu, tsakiya babu, sai wata amsa-kuwwa a gefe-gefe tana yawo. Ya ce miksata ce, na ce kibod ɗinsa ne, muka canja layi, muka canja sifika, gumi ya jiƙa ni mutane sun fara shigowa. Sai da na zagaya bayan kibod ɗin na tsuguna da fitilar waya na ga ashe a ramin hedifon ya cusa, da waya mai zobe biyu, ya kai ta layi ɗaya na miksa. Ramin hedifon hagu da dama yake fitarwa, ita kuma miksa aikinta ta debe ɗaya daga ɗaya, to duk abin da hagu da dama suka yi tarayya a kai ta share shi tas, abin da ya bambanta kawai ta bar mana. Na zare na mayar ramin da aka rubuta L/MONO da wata tsohuwar waya mai zobe ɗaya da aka naɗe wuyanta da salatif, piyano ya dawo da ƙibarsa. Yaron ya kalli wayar ya ce anti a ina ake sayar da irin wannan.

Ɗan_Ganga:

Anti ki sayar masa mana, ki ce salatif ɗin na musamman ne daga Jamus, shi ke riƙe bes kar ya zube. Ni fa na yanke shawara zan fara sana'ar, waya mai haddar waƙa, in ka yi kuskure ta gyara kafin ya isa sifika, masu jita za a yi musu ragi tunda su suka fi buƙata

Ɗan_Jita:

Mai ganga da ke gudu ya bar mu a baya duk amshi shi ne ke maganar kuskure, a fara ƙera maka wayar da ke riƙe tempo tukuna

Mai_Kibod:

Jama'a Hajiya ta harbo shi. Na duba, tsohuwar zobe ɗaya, sabuwar zobe biyu, kuma littafin sintesaizar ya nuna mafitarta mai layi biyu ce.

Injiniya_Solda:

To biri ya yi kama da mutum. A irin wasu na'urorin in ka sa mai zobe ɗaya layi guda kawai kake ɗauka, ka sa mai zobe biyu ka samu duka biyun, ƙarfin ya ninka, desibel 6 ke nan. Ba duka ke yin haka ba amma da alama tasa tana ciki. Shi kuwa kunne duk abin da ya fi ƙara shi ne mai daɗi a wurinsa, kuma in ƙara ta ƙaru bes da na sama ne suka fi fitowa, daidai abin da abokinka ya siffanta ke nan, har bargon. Ko desibel ɗaya yana ruɗin mutum balle shida. Ku daidaita ƙarar da mitar miksa, ba da kunne ba, sannan ku yi gwajin Baba.

Mai_Kibod:

Mun yi jiya bayan riyasal. Na danna noti ɗaya na riƙe muka duba mita, bambancin kusan 6 ɗin ne cif kamar yadda Injiniya ya faɗa, sai muka ware layi biyu a miksa aka saita ƙarar kowanne har suka yi daidai. Muka zaunar da shi yana kallon bango da hula a rufe da ido, mai bes ɗinmu yana jefa kwabo ni ina canjawa, sau goma sha biyu. Kowane zagaye sai ya ɗaga yatsa ya ce a sake, ya karkata kai, ya ce wannan ita ce tawa ko a mafarki na san ta. Ya ci biyar. Wanda ya fi kashe mu da dariya zagaye na tara ne, ya ce kai ku ji yadda ta buɗe, ku ji iska a saman, alhali tsohuwar ce wadda ya ce a jefar, mai bes sai da ya fita waje don kar dariyarsa ta ɓata gwajin.

Da muka nuna masa takardar ya daɗe yana kallo, can ya ce ai ba a yi wa wayar adalci ba, sabuwa ce ba ta gama washewa ba, sai ta yi awa ɗari ana kiɗa da ita tukuna. Ya naɗe abarsa a hankali ya mayar cikin ƴar jakarta ya zuge.

Ɗan_Ganga:

Ka ce masa ya kawo ta nan ina da injin wasa waya, awa ɗari a kwana ɗaya nake yi, amma jaka daban ake biya